Accord 'yar Amurka da kamannin Turai: wanne za ka yi da hannunka, wanne za ka bari

Tambayar ta fito ne daga wani matashi mazaunin Barnawa a Kaduna. Ya sayi Honda Accord ƙirar 2009, ruwan toka, 'yar Amurka da aka shigo da ita ta Kwatano, yana so ya sauya mata kama ta koma irin motocin Turai ba tare da ya kai ta gareji ba. Abin da ke ransa huɗu ne: ya rabu da kurom ɗin, wato adon nan mai ƙyalli kamar azurfa, da ya zagaye gilasai da giril, ya ɓanɓare rubutun da ke jikin but, ya cire ruwan lemon da ke gefen fitilun gaba, sannan ya sa doguwar lamba irin ta Jamus. Ya ce a faɗa masa ta inda zai fara da abin da zai sayo a Panteka.

To ƙanena, biyu daga cikin huɗun nan za ka iya gama su a tsakar gidanku, ɗaya yana da sharaɗi, ɗaya kuma ka cire shi daga ranka tun yau. Amma bari mu fara fahimtar juna a kan abin da ake kira kamannin Turai. A shekarun da na yi ina fenti da manna sitika a garin nan, yawancin masu zo mini da wannan magana ƙari suke nufi. A ƙara leɓe a ƙasan bamba, a ɗora fiffike a kan but, a manna hujin iska na ƙarya a gefe, a liƙa tambarin M na BMW a bayan Toyota. Wannan kwalliyar Keke Napep ce ranar sallah. Motar Turai ragi aka yi mata. Kai da ke Barnawa, Kakuri na bayan gidanka, inda kamfanin Pijo ya fara harhaɗa motoci a 1975. Ka tsaya ka kalli 406 ɗin da ba a taɓa ta ba, ko Golf 4: ƙyalli kaɗan, siririn layi a ƙofa, launi ɗaya ko biyu, shi ke nan. Kamfanin BMW tun a shekarun 1980 yake sayar da mota da baƙin zagayen gilashi maimakon kurom, suna kiransa Shadowline. A Jamus kuma mai saye yana iya cewa a kawo masa Marsandi ko BMW ba tare da an manna lambar ƙirar a but ba, kamfani ya yi masa hakan tun daga masana'anta. Daga nan wannan salo na but fayau ya samo asali.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, rabin bambancin motar Amurka da ta Turai doka ce ta kawo shi, ba son ado ba. Dokar Amurka ta tilasta fitila da abin haskawa mai ruwan lemo a gefen gaba, ja a gefen baya. Ta yarda siginar baya ta zama ja. Turai kuwa ta ce siginar baya dole ruwan lemo, dole a sa ƙaramar sigina a gefen bodi ko a madubi, dole a sa fitilar hazo ja a baya. Manyan bambobin nan da kake gani a tsofaffin Marsandi da BMW 'yan Amurka, masu turo baki kamar benci, sun zo ne daga dokar 1973 da 1974 da ta ce bamba ta jure karo a gudun mil 5 a awa. Na kawo wannan ne don ka gane cewa wasu abubuwan da kake gani kamar ado a motarka aiki suke yi, kuma ba a cire abu mai aiki sai an san abin da zai maye gurbinsa.

Kafin ka kashe ko sisi, ka riƙe wannan: Accord ɗin da aka sayar a Turai a 2009 ba motarka ba ce. Wata mota ce daban, ta fi taka ƙanƙanta, a Amurka ma da sunan Acura TSX aka sayar da ita. Bambarta, fitilarta, giril ɗinta, babu wanda zai shiga jikin taka. Duk wanda ya ce maka a kasuwa yana da "bambar Yuro" ta motarka, ko dai ta waccan ce ba za ta zauna ba, ko kuma kwaikwayo ce da aka zuba a faiba. Haka Corolla ɗin 2003 zuwa 2008 take, ta Amurka da ta Turai gabansu ba ɗaya ba. Masu Marsandi C300 ko Jetta su ne ke da sa'a, domin bodinsu ɗaya da na Turai, ana iya musanya kaya kai tsaye. Kai abin da ya rage maka shi ne salon, ba kayan ba, kuma salon ya fi araha.

Ka fara da but, shi ne mafi sauƙi. Rubutun Accord da na V6 da makamantansu da gam mai fuska biyu aka manna su. Tambarin H kuwa galibi yana da ƙafafu biyu da suka shiga huji a cikin ƙarfe, idan ka cire shi huji biyu za su zuba maka ido, ruwan damina ya samu ƙofa. Ka buɗe but ka cire shimfiɗar ciki ka leƙa ta baya kafin ka taɓa komai. Ni shawarata ka bar H ɗin, Bajamushe ma ba ya cire tauraron Marsandinsa, lambar kawai yake cirewa. Ka ajiye motar a rana na ɗan lokaci har ƙarfen ya yi ɗumi, ko ka ari handirayar gida ka hura. Ka samo igiyar fatsa ta roba, ka zura ta bayan harafi, ka riƙa ja hagu da dama kamar mai yanka sabulu da zare. Kada ka sa sukudireba ko wuƙa. Gam ɗin da ya rage ka murza shi da babban yatsa ya naɗe, sauran ka jiƙa tsumma da kananzir ka goge, sannan ka wanke da sabulu nan take. Tina, wato ruwan tsinka fenti, da man cire farce su ne abokan gabar fenti, kada su kusanci wurin.

Ga inda ake shan mamaki. Motar da ta shekara goma sha wani abu a rana, fentin da ke ƙarƙashin harafi bai koɗe ba, don haka za ka ga inuwar rubutun ta zauna. Man goge fenti da tsumma mai laushi yana rage ta sosai, rana kuma ta ƙarasa daidaitawa a hankali. Matsalar da ba ta da magani a gida ita ce motar da aka taɓa yi wa fenti a nan. Masu fenti da yawa ba sa cire rubutu, salatif suke liƙa masa su fesa, to idan ka cire sai ka tarar da gaɓa mai tudu a zagaye da kowane harafi, wani lokaci ma launin ƙasa daban da na sama. Ka sa farce a gindin harafi ka ji. In ka ji fenti ya hau jikin harafin, ka ƙyale shi har ranar da za a yi wa but ɗin fenti gaba ɗaya.

Yanzu kurom na zagayen gilashi, wanda shi ne zai sauya fuskar motar fiye da komai, kuma a nan zan daɗe. Hanya uku ce: a cire a fesa fenti, a fesa roba mai ɓanɓaruwa irin Plasti Dip, ko a rufe da sitika. Ta farko ban ba ka shawara ba. Siririn ƙarfen da ke gindin gilashi haɗe yake da robar da ke share ruwa idan gilashi na sauka, yana lanƙwasa da wuri, kuma in ya lanƙwashe ba ya komawa. Ka mayar da shi a karkace, watan Agusta ruwa ya riƙa tsiyaya cikin ƙofa, injin gilashi da sifika su sha. Robar fesawa tana da sauƙi, sai dai ranar Maris da Afrilu ta Kaduna tana busar da ita, gefenta ya soma tashi, fetur kuma in ya taɓa ta sai ta narke. Sitika ita ce hanya, a jikin mota ba tare da an cire komai ba, kuma ranar da ka gaji ka hura mata zafi ka ɗaye, kurom ɗinka na nan yadda yake.

Sai dai sitika iri biyu ce, kuma a nan mutane ke faɗawa rami. Akwai ta masu allon talla, irin Oracal 641 da 651, wadda aka murza ta tsakanin ƙarafa aka miƙar da ita da ƙarfi lokacin ƙira. Ita kullum tana son komawa yadda take, da ta sha zafi sai ta tsuke, ka wayi gari farin layi ya leƙo a kowane gefe, ga gam ya kama ƙura. Akwai kuma ta naɗe mota, wadda aka zuba ta kamar ruwa ta daskare, ba ta da wannan ja da baya: 3M 2080, Avery Dennison SW900, Oracal 970 da ire-irensu. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma abin da kake buƙata kaɗan ne. Yadda za ka gane ta, ka duba takardar bayanta akwai sunan kamfani, ɓangaren gam kuma yana da ƙananan hanyoyi kamar saƙa da iska ke bi ta fita. Ka yanki ɗan guntu ka ja shi ya miƙe, ka hura masa zafi: ta ƙwarai za ta koma siffarta sumul ba tare da launinta ya yi fari ba. Araha ba ta ado, a wannan aikin dai haka ne. In ba ka samu a Panteka ba, ka tambayi masu naɗe motoci su sayar maka da ragowar da ta rage musu, sau da yawa guntayen da suke zubarwa sun ishe ka.

Batun launi, baƙi kala uku ne: mai sheƙi, mai dishi-dishi, da na tsakiya. Mai dishi-dishi yana da kyau a hoto, amma jar ƙasarmu tana shiga jikinsa ta zauna, bayan wata biyu ya koma ruwan ƙasa, kuma ba a goge shi da folish. Mai sheƙi yana nuna kowane ƙarzane. A kan ruwan toka irin taka ni na tsakiya nake zaɓa, shi ya fi kama da robar da kamfani ya sa a ginshiƙin ƙofa, sai abin ya zama kamar haka aka ƙero motar.

Shiri shi ne kashi mafi girma na aikin. Yaran wankin mota suna shafa man ƙyalli a roba da kurom, man nan yana da silikon, kuma gam ba ya kama inda silikon yake. Ka wanke da sabulun wanke-wanke, ka sa tsohon buroshin haƙori a tsagin da ke tsakanin kurom da roba, domin nan ƙurar shekaru take kwance. Ka bari ya bushe sarai, sannan ka goge sau biyu da sifirit ɗin kemis, ka naɗa tsumma a katin roba ka bi cikin tsagin. Lokaci ma yana da muhimmanci. Kada ka yi a rana, gam zai cafke tun kafin ka daidaita, sitikar kuma ta yi laushi ta miƙe. Kada ka yi a fili da hunturu, domin da ka ɓare takardar baya sitikar na jan ƙura kamar maganaɗisu, kowane ƙwayar ƙura kuma ƙurji ne a fuskar aikin. Da sassafe, a cikin rumfa ko gareji, ka yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta.

Ka auna tsawon kurom ɗin da igiya, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda kuskure, don za ka yi kuskure. Ka yanka tsiri wanda ya fi kurom faɗi da kamar santimita ɗaya ta kowane gefe. Ka liƙa salatif na takarda a kan fentin da ke maƙwabtaka da wurin, shi ne garkuwarka in reza ta zame. Ka ɗora tsirin daga gefe ɗaya, kana ɓare takarda kaɗan-kaɗan, kana danna tsakiya da yatsa, sannan ka bi gefuna. Kada ka ja shi ta tsawo a inda yake miƙe, duk abin da ka ja zai nemi komawa. A kwana kawai ake hura zafi a ɗan ja. Yanka kuma da sabuwar reza, bakinta a cikin tsagin, ba a kan fenti ko roba ba, ka bar kamar milimita biyu ka tura ƙarƙashin roba da katin. In ka samu zaren yanka da ake kira Knifeless, wanda ake shimfiɗawa kafin sitika a ja shi ya yanke ta daga ƙasa, to ka huta da reza gaba ɗaya. Bayan ka gama, duk inda ka ja sai ka sake hura masa zafi sosai, kamfanonin suna cewa wajen digiri 90 zuwa 100, don ya manta da tsohuwar siffarsa. Handiraya ba ta kai nan, ta isa wuraren da suke miƙe, amma kwanar gilashin baya tana son na'urar hura zafi irin ta masu sitika. Ka riƙa motsa ta, kada ka tsayar a kan gilashi ko roba.

Ka fara da ƙofar baya ta gefen fasinja, inda ba ka kallo kullum. Kafin ka zagayo ƙofar direba hannunka ya faɗa. Kwana biyu kada a wanke motar, bayan nan kuma ka gaya wa mai wanki kada ya kafa bakin injin ruwa a gefen sitikar.

Hannun ƙofa in na kurom ne, sitika ba ta daɗewa a kansa, zobe da makulli da farce suna cin ta. Wasu nau'o'in motarka sun zo da hannu mai launin bodi, ka nemi irinsu a wurin masu kayan Beljiyam ka musanya.

Giril labarinsa daban. Abin da kake gani kamar ƙarfe roba ce, ABS, aka lulluɓe ta da tagulla da nikel da kurom a jere. Fenti ba ya kama wannan santsi, wanda duk ya fesa kai tsaye zai ga yana zuba kamar ɓawon gyaɗa da tsakuwar farko a hanyar Abuja. Sai an sauke shi, kuma a motoci da yawa na wannan zamani ta ciki aka ɗaure shi a jikin bamba, sai bamba ta sauka. Kafin ka fara ka sayo kilip na roba guda goma ko fiye, ka tafi da samfur ɗaya kasuwa, domin tsofaffin sun gasu a rana, rabinsu za su karye a hannunka. Ka ɗauki hoto a waya a kowane mataki. Sannan sanfefa mai lamba 320 har ƙyallin ya mutu ko'ina, lungu da saƙo, sai 600 ta gyara. Inda kurom ya soma ɓarewa ka yi hattara, gefensa yana yanka yatsa kamar reza, kuma sai ka kankare shi har inda ya kama da kyau. Daga nan faraima, wato fentin shimfiɗa, mai kama ƙarfe, sai baƙi, sai kiliya, wato shafar ƙarshe marar launi.

A nan zan ce maka gaskiya. Wahalar giril tana cikin gugar sanfefa, kuma wannan kai za ka yi. Fesawar kuwa, ka kai wa mai fenti. Fentin gwangwani yana yi, in ka riƙe shi nesa da kamar santimita 25, ka yi shafa siriri sau uku ko huɗu da minti goma a tsakani, amma ba ya jure rana da tsakuwa kamar fentin da ake haɗawa da hadina, wato ruwan da ke sa shi tauri. Shi kuma wannan mai hadina yana da sinadarin da ke lalata huhu, ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi, ba abin fesawa ba ne a gidan da yara ke wasa. Giril ɗan abu ne, in ka kai shi a goge, mai fenti zai haɗa shi da wani aikin baƙi ya fesa maka a kuɗi kaɗan. Masu sababbin motoci kuma, misali Corolla 'yar Amurka daga 2017, su sani akwai na'urar hango abin da ke gaba a bayan tambarin giril, ba a fesa masa fenti, ba a rufe shi da sitika.

Baƙar robar da ta koɗe, irin ta gindin gilashin gaba da gindin madubi, in ka bar ta fari-fari za ta tona asirin sabon baƙin da ka sa. Kada ka bari a shafa mata man birki ko baƙin mai kamar yadda ake yi a bakin titi. Man birki yana cin fenti in ya ɗiga, baƙin mai kuma ƙura yake tarawa. Akwai ruwan dawo da baƙin roba da ake sayarwa, shi za ka nema. In fenti za ka yi mata, ka juya bayanta ka karanta: in an rubuta PP, sai da faraimar roba ta musamman, in ba haka ba fentin zai ɗaye kamar leda.

Sai mai sharaɗin, wato ruwan lemon fitila. Wannan ɗan yanki shi ke nuna wa mai fitowa daga gefe cewa akwai mota, ko da fitilarka a kashe take. A mararrabar da babu fitilar titi, da daddare, yana aiki. Don a cire shi sai an gasa fitilar an ɓare gam ɗin da ya haɗa gilashi da gida, kuma cikin waɗanda na gani an buɗe a gida, kaɗan ne ba su yi gumi a damina ba. Fitilar da ruwa ya shiga, azurfar cikinta ta mutu, garin neman gira an rasa ido. In ka matsa sai ka ga gefen fari, ka sayi fitila sukutum wadda haka aka ƙera ta, ka ajiye taka. Ana samunsu, domin irin bodin motarka an sayar da shi a Gabas ta Tsakiya da Tailan da Ostareliya, a Japan ma da sunan Inspire. To amma ga tarkon: Tailan da Ostareliya da Japan da Ingila ta hagu suke tuƙi, mu kuwa mun koma dama tun 1972. Fitilarsu tana ɗaga haske ta hagu, wato daidai idon wanda ke tahowa ta gabanka, gefen titin da kake buƙatar gani kuma ya zauna a duhu. Ka duba jikin gilashin. Fitilar da ta bi ƙa'idar Turai tana da da'ira da harafin E da lamba, E1 Jamus, E2 Faransa, E11 Ingila. In ka ga kibiya mai kai ɗaya kusa da alamar, ta masu tuƙin hagu ce, ka ajiye musu abinsu. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne bango: ka haska da daddare daga 'yan mitoci, in layin haske ya hau sama ta hagu, ba taka ba ce. Kuma in gilashin sigina ya zama fari, dole ƙwan ciki ya zama ruwan lemo. In ka sa na LED sai ka ga sigina tana ƙiftawa da sauri kamar mai firgita, saboda ƙwan asali yana jan wajen wat 21, na LED kuwa kaɗan yake ja, motar sai ta ɗauka ƙwai ya mutu. Mai wayarin zai sa maka rizisto mai om 6 da wat 50, a ɗaure shi a jikin ƙarfe don yana zafi sosai.

Fesa wa danjar baya baƙi kuwa, wanda samari ke yi suna cewa Turai, babu ruwan Turai da shi. An taɓa kawo mini wata mota da aka yi wa haka, bas ya shige bayanta da safe cikin hazo a hanyar Zariya, direban bas ɗin yana rantsuwa bai ga wutar birki ba. Da muka kunna ta a gareji muka tsaya daga nesa, sai muka ga bai yi ƙarya ba. In Turai kake so a baya, abin da suke da shi kishiyar wannan ne: fitilar hazo ja mai ƙarfi da makunninta daban, wadda a hunturunmu tana da amfani na gaske. Haka madubin gefen direba. Na Amurka shimfiɗaɗɗe ne bisa doka, na Turai ƙarshensa a ɗan lanƙwashe yake da siririn layi, yana nuna maka ɗan acaɓan da ya maƙale a kafaɗarka. In ka samu gilashin da ya dace da gidan madubinka, wannan sauyi ne da zan sa hannu a kai.

Doguwar lamba ita ce na ce ka cire daga ranka. Lambar Turai santimita 52 ce a tsawo, 11 a tsaye. Tamu girman ta Amurka ce, wajen 30 da 15, kuma gurbin da ke but ɗinka don ita aka yi shi, ta zauna daram. Masu Golf da Pijo 'yan Beljiyam su ke fama, suna lanƙwasa lamba don ta shiga, kai kana da abin da suke nema. Lambar da ba hukuma ce ta buga ta ba laifi ce, ko da harufan daidai suke da na takardunka, kuma shuɗin yanki mai taurari da harafin D ba shi da gurbi a motar da aka yi wa rajista a Kaduna. 'Yan Road Safety da KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, duk suna da hurumin tsayar da kai a kanta. Abin da za ka iya shi ne ka cire firam ɗin dillalin Amurka mai rubutu da ya zo da motar, ka sa siriri baƙi wanda bai rufe ko harafi ɗaya ba, ko ka bar ta babu firam, ka ɗaure da kusoshin da ba sa tsatsa, ka tabbatar ba ta karkace ba. Baƙin gilashi ma ba ya cikin aikin gida, maganar izinin 'yan sanda ce.

In daga baya ka ga sai ka ƙara wani abu, misali siririn leɓe a bakin but, to mai launin bodi, wanda bai fi yatsa biyu ba. Gam mai fuska biyu na 3M na gaske za ka sa, ba sufa-gulu ba, ka goge wurin da sifirit, ka danna da ƙarfi. Ba ya gama kamawa sai bayan awa 72, don haka kwana uku babu wanki. Leɓen ƙasan bamba kuwa, ka fara auna shi da kwalbatin ƙofar gidanku da tudun rage gudun layinku. Na faiba tsagewa yake a karon farko. Wili ma kada wani ya ruɗe ka da na Marsandi ko Audi: nasu huji biyar ne a da'irar milimita 112, naka biyar a 114.3. Ido ba ya ganin bambancin, za su shiga in an matsa, amma notin ba ya zama a tsakiya, kuma a kan gudu ne abin ke bayyana.

Harufan da ka cire, da tsohon hannun ƙofa, da fitilun asali in ka sauya, ka zuba su a kwali ka rubuta a kai ka ajiye. Dillalan mota a garin nan da sun ga but babu rubutu, abin da ke fara zuwa ransu shi ne an bugi motar ta baya an yi fenti, sai su sare kuɗi. Kafin ka cire harufan ka ɗauki hotonsu da abin awo a gefe, daga bakin but zuwa harafin farko, domin ranar sayarwa ka mayar da kowanne mazauninsa.